Sankarar mama: da rashi take farawa, tun kafin a ji ƙulli

Duk watan Oktoba, da zarar masu awon nono kyauta sun kafa rumfa a Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, sai tsohuwar gardama ta tashi a zango: sankarar mama gado ce, ko jifa ce, ko kuwa kuɗin da mata ke sokewa a rigar nono ne? Kowa na magana kamar ciwon dare ɗaya yake sauka.

Labarin binciken da ya yi suna gajere ne. A 1990 masaniyar kimiyya Mary-Claire King ta gano mazaunin BRCA1, ƙwayar gadon da lalacewarta ke jawo sankarar mama, a kuromosom na 17 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar jiki), BRCA2 ta biyo baya a na 13. Daga nan bakin kowa ya kama "gado", alhali waɗanda suka gaji ciwon ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba.

Inda al'amarin ya juya, a ganina, shi ne 1969 a Oxford ta Ingila. Henry Harris da abokan aikinsa suka haɗe ƙwayar daji ta ɓera da lafiyayyar ƙwaya, suka zama guda. Da aka dasa ta a jikin ɓeraye, sai ta ƙi yin ƙari. Lafiyayyar ce ta rinjaya! Amma da haɗaɗɗiyar ta yi ta hayayyafa har ta zubar da wasu kuromosom, sai ciwon ya dawo. Ashe a cikin kuromosom akwai ƙwayoyin gado masu hana ƙwayar jiki wuce gona da iri, rashinsu ne ke buɗe wa daji ƙofa.

A 1971 Alfred Knudson ya ƙara haske: biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar masu gadi biyu a ƙofa ɗaya. Sai an rasa dukansu ɓarna ke shiga. Daga baya aka riƙa samun ƙarin mama da ya rasa ɓangarorin kuromosom na 13, 16 da 17, kuma a na 17 ɗin ne TP53 take, ɗaya daga cikin irin waɗannan masu gadin.

Matar da ta gaji mai gadi ɗaya a lalace, saura ɗaya ta rage mata, shi ya sa nata kan zo da wuri. Sauran matan da ke kamuwa kuwa a jikinsu suke rasa biyun, sannu a hankali, shekara da shekaru, ba zafi ba alama. Wannan ne ke damuna in na ji baiwar Allah ta wuce rumfar awo tana cewa "babu shi a danginmu". Mafi yawan matan da ke jinyar ciwon ma babu shi a danginsu.