Ƙin karɓar buƙata a sabar RADIUS

RADIUS ƙa'ida ce ta tantance mai son shiga hanyar sadarwar kwamfuta. Na'urar da ke bakin ƙofa, rauta ce ko na'urar Wi-Fi ko mashigar VPN, ba ita ke yanke hukunci ba. Tana miƙa sunan mutum da kalmar sirrinsa ga sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun tana amsawa, sabar ce ke cewa a bari ko a hana. Daga cikin matsalolin da aka saba gani akwai wadda gwaji zai yi nasara a kan kwamfutar da sabar take, amma buƙata daga na'urar nesa ta ƙi wucewa.

Asali

Kamfanin Livingston Enterprises na Kalifoniya a Amurka ne ya ƙirƙiro RADIUS wajajen 1991, lokacin da cibiyar Merit Network ta jihar Michigan ke neman hanyar tantance masu shiga intanet ta layin tarho daga wurare daban-daban. An wallafa ƙa'idar a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 2058 a 1997, sannan RFC 2865 ta watan Yuni 2000 ta zama madogara. Tsofaffin na'urori sun yi amfani da tashoshin UDP 1645 da 1646, daga baya aka ware 1812 domin tantancewa da 1813 domin lissafin amfani. Wannan sauyi har yau yana haddasa ruɗani, domin akwai na'urorin da ke zuwa a saite kan tsohuwar lamba. Manhajar FreeRADIUS, wadda Alan DeKok da Miquel van Smoorenburg suka fara a 1999, tana cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Shiru daban, ƙi daban

Matakin farko shi ne a gane ko sabar ta amsa da Access-Reject, wato saƙon ƙi, ko kuwa shiru ta yi. Ƙa'idar ta tanadi cewa buƙatar da ta fito daga na'urar da sabar ba ta sani ba, a yar da ita ba tare da amsa ba. A FreeRADIUS, sabon fayil ɗin clients.conf kwamfutar kanta kaɗai ya sani, wato 127.0.0.1, da sirrin tsakani na gwaji testing123, wato kalmar da na'ura da sabar suka sani tare. Shi ya sa umarnin gwaji na radtest ke yin nasara a gida, na'urar waje kuma ta yi ta aikawa har lokacin jira ya ƙare. Maganin shi ne a rubuta adireshin na'urar da sirrinta a fayil ɗin, a sake tayar da sabar. Idan akwai NAT a hanya, wato tsarin da ke sauya adireshi, adireshin da sabar ke gani ba lalle ya zama wanda ke kan na'urar ba.

Shirun kan kuma fito daga katangar tsaro da ta toshe tashar 1812, ko sabar da aka saita ta saurari adireshi ɗaya tak. Masu aikin kan tsayar da sabar su kunna ta da radiusd -X, ko freeradius -X a Debian da Ubuntu, domin ta riƙa nuna duk abin da take yi, su zuba wa allo ido. In buƙata ta iso, layuka za su kwararo. In allon bai motsa ba, laifin na hanya ne, sai a bi sawu da tcpdump, manhajar duba saƙonnin da ke bi ta hanyar sadarwa.

Saɓanin sirrin tsakani ya fi wahalar ganewa. Da shi ake lulluɓe kalmar sirri ta hanyar lissafin da ake kira MD5, don haka harafi ɗaya in ya bambanta, kalmar za ta bayyana a allo a matsayin tarkacen alamomi, sabar ta ƙi mutumin alhali bai yi kuskure ba. Idan saƙon na ɗauke da Message-Authenticator, wato hatimin da ke tabbatar da sahihancin saƙo, watsar da shi kawai ake yi.

Ƙi na gaskiya

Wannan ya shafi asusun kansa: suna ko kalmar sirri ba daidai ba, takardar shaidar tsarin tantancewa na EAP ta ƙare, ko an adana kalmar sirri a sigar da tsarin tantancewa na CHAP ba zai iya aiki da ita ba.

Tsaro

A Yulin 2024 masu bincike sun bayyana raunin da aka kira Blast-RADIUS, wanda ya dogara da rashin ƙarfin MD5. Bayan haka an sabunta sabobi da dama ta yadda za a iya tilasta Message-Authenticator, kuma inda aka tilasta shi, tsohuwar na'urar da ba ta aika shi takan gamu da shiru. Wasu na ganin a koma RADIUS bisa TLS, ƙa'idar ɓoye saƙonni, hanyar da RFC 6614 ta 2012 ta bayyana, wasu kuma na ganin gyaran da aka yi ya wadatar a hanyar sadarwa ta cikin gida.