Waiwaye: Wa ke biyan ɓarnar da yaƙi ya yi wa daji da ruwa?

A ƙauyukanmu na gefen Haɗejia, idan shanu suka faɗa gonar gero, kowa ya san hanya. Dagaci zai tura dattawa su zaga, su ƙiyasta dami nawa aka rasa, mai shanu ya biya. Maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana su a Baga kafin rikici ya koro shi gida, shi ya tare ni ran nan yana ɗinkin koma: "Malam, to ɓarnar yaƙi fa, wane dagaci ake kai wa?"

Maganar ba ta daɗe da shiga dokar duniya ba. Sai da Amurka ta yi ta fesa maganin kashe itatuwa a dazukan Biyetnam daga 1961 zuwa 1971, sannan a 1977 aka yi ƙari a yarjejeniyar Janiba ta dokokin yaƙi, aka haramta dabarun yaƙin da za su jawo wa muhalli ɓarna mai faɗi, mai daɗewa, mai tsanani. Sai ukun sun haɗu, nan gizo ke saƙar. Mutanen Biyetnam da suka kai ƙarar kamfanonin maganin a Amurka, kotu ta kori ƙarar a 2005.

Inda aka ga kuɗi a hannu shi ne Kuwaiti. A 1991 sojojin Iraƙi suka cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta, suka malala ɗanyen mai cikin teku. Kwamitin Sulhu, a ƙuduri mai lamba 687, ya ɗora wa Iraƙi alhaki, ya ambaci muhalli ƙarara, aka kafa hukumar biyan diyya. Ƙasashe suka nemi kusan dala biliyan 85 kan muhalli, aka amince da biliyan 5 da ɗoriya. A ganina ba ƙarfin doka ne ya biya ba. An ci Iraƙi da yaƙi, kuma daga kuɗin man fetur ɗinta ake yanke kaso, da farko 30 cikin 100, tun bai shiga aljihunta ba. Sai 2022 ta gama biya.

Dubi Labanan. A 2006 Isra'ila ta kai hari tashar lantarki ta Jiyeh, mai kimanin tan 15,000 ya kwarara gaɓar teku. A 2014 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ta biya dala miliyan 856.4. Har yau maimaita ƙudurin ake yi.

A nahiyarmu, Kotun Duniya ta umarci Yuganda a 2022 ta biya Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango dala miliyan 325, miliyan 60 daga ciki na zinare, katako da sauran albarkatun da aka kwashe. Amma diyyar lalacewar dajin kansa, alƙalai suka ce ba a kawo musu ma'aunin da za su lissafa da shi ba.

In ban da ƙarar mutanen Biyetnam, duk waɗannan, ƙasa ce ke ƙarar ƙasa. Ko sashen dokar Kotun Manyan Laifuka ta 1998 da ya taɓo muhalli, yaƙin ƙasa da ƙasa ya nufa, bai haɗa da irin na Tafkin Chadi ba. Da na faɗa wa maƙwabcina haka, sai ya ciji zare ya ce, "Ashe ni ko bakin ƙofar ban isa ba." Ya ci gaba da ɗinkinsa.