Savielly Tartakower

Savielly Tartakower (1887–1956) babban gwanin wasan darar ces ne kuma marubuci, wanda ya buga wa ƙasashen Poland da Faransa. An haife shi a birnin Rostov na Rasha cikin iyalin Yahudawa, ya yi karatun shari'a a Vienna har ya sami digirin dakta, amma dara ce ta zama sana'arsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin soja a rundunar Austria-Hungary, sannan ya koma Paris da zama a 1924.

Bai taɓa zama zakaran duniya ba. Duk da haka yana cikin tawagar Poland da ta ci zinare a gasar Olympiad ta Hamburg a 1930, ya kuma ɗauki kambin Poland a 1935 da 1937. Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi yana gasa a Buenos Aires. Ya dawo Turai ya shiga dakarun 'yantar da Faransa na Janar de Gaulle da sunan ɓoye, Laftanar Cartier, alhali ya haura shekara 50. A 1950 hukumar dara ta duniya, FIDE, ta sa shi cikin mutum 27 na farko da ta ba muƙamin babban gwani, a 1953 kuma ya ci gasar Faransa.

Masu dara suna tunawa da shi ne wajen buɗe wasa. Shi ya fito da salon Catalan a gasar Barcelona ta 1929, kuma akwai wata hanyar kare kai da har yau ake kira da sunansa. A New York a 1924, bayan ya ziyarci gidan namun daji, ya buɗe wasa da tura soja, wato ƙaramin ɗan dara, zuwa gidan da ake kira b4 a allo, salon da tun daga nan ake yi wa laƙabi da sunan goggon birin orangutan.

Amma alƙalaminsa ya fi komai ɗorewa. Littafinsa na Jamusanci, Die hypermoderne Schachpartie, ya fayyace sabuwar dabarar lokacin: a bar abokin karawa ya mamaye tsakiyar allo, a kai masa hari daga gefe. Yana rubutu da azanci irin na mai karin magana, kuma a gare shi ake jingina zancen nan cewa mai nasara shi ne wanda ya yi kuskuren kusa da na ƙarshe. Ya rasu a Paris a watan Fabrairun 1956.