Wuƙar Damaskus: suna ɗaya, ƙarfe iri uku

Duk mai bibiyar bidiyon maƙeran wuƙa a YouTube ko TikTok ya san kalmar Damaskus ta cika kunne. Da an ga zane mai kama da igiyar ruwa a jikin wuƙa sai a ce Damaskus ce, a ƙara da cewa ƙarfen takubban mutanen da ne, ba ya dakushewa. Masu talla su faɗa, masu gabatar da shirye-shirye su maimaita, har sabon shiga ƙira don sha'awa ya ɗauka cewa bai cika maƙeri ba sai ya ƙera irinta. Abin da ke ci mini rai shi ne abubuwa uku mabambanta aka cusa a cikin sunan nan, ana sayar da na uku da darajar na farko.

Na farkon shi ne wanda ake kira wuts. A kudancin Indiya da Siri Lanka ake narka shi cikin ƙananan tukwanen yumɓu da aka toshe bakinsu, a bar shi ya huce a hankali ya zama curi. Kabon ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, yakan kai wajen kashi 1.5 cikin ɗari, wanda ya yi yawa ƙwarai ga ƙarfen takobi. Fatake su kai shi Farisa da ƙasashen Larabawa, a can ake ƙera takubban da aka laƙaba wa sunan birnin Damaskus na Siriya. Zanen wannan ƙarfe daga cikinsa yake fitowa, babu wasu falle-falle da aka haɗa. Sana'ar ta mutu a ƙarni na 19. A 1998 masanin ƙarfe John Verhoeven da maƙeri Alfred Pendray a Amurka suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin banadiyam da ke cikin tamar asali, tare da maimaita zafafawa da wuta mai sauƙi, shi ke jera ƙwayoyi masu tauri layi-layi a cikin ƙarfen su ba da zanen. Masu yin wuts a yau 'yan kaɗan ne.

Na biyu shi ne wanda ake gani a bidiyo. A jera fallayen ƙarfe iri biyu, galibi waɗanda ake kira 1084 da 15N20, a zafafa su sama da digiri 1,200 na ma'aunin Salshiyas, a barbaɗa garin boraks don kada datti ya hana su mannewa, a doke su da masaba a kan uwar maƙera har su manne su zama ɗaya. Wannan ma tsohuwar fasaha ce, domin takobin da aka tono a Sutton Hoo a Ingila, na farkon ƙarni na 7, haka aka ƙera shi. Amma sunan Damaskus ya bazu a kansa a wajen maƙeran wuƙa na zamani bayan Bill Moran ya baje irin waɗannan wuƙaƙe a Amurka a 1973. Kama da wane ba ta wane.

A nan ne ake ta kirarin yawan falle. Za ka ji an ce wuƙar tana da falle 256 ko 512, kamar yawan nan shi ne ma'aunin kaifi. Lissafin ba shi da wuya. Ka fara da falle 8, ka miƙe shi, ka ninka ya zama 16, sai 32, sai 64, sai 128, ninki na biyar ya ba ka 256. Ninki biyar ke nan kacal. Sai a biyo da bayanin cewa falle mai tauri da falle mai laushi ne suka haɗu, ɗaya na yanka ɗaya na hana karyewa. Wannan bayani bai dace da abin da ke faruwa a cikin wuta ba. Kabon ƙwayarsa ƙarama ce, a zafin da ake manna ƙarfe yana ratsawa daga falle zuwa falle, kafin a gama ninki ya riga ya daidaita a ko'ina. Abin da ba ya yin nisa daga inda yake shi ne nikel, wanda 15N20 ke ɗauke da wajen kashi 2 cikin ɗari. Idan aka tsoma wuƙar a ruwan sinadarin ferik kulorayid, sai ya ci 1084 ya baƙanta shi, ya bar mai nikel yana haske. Zanen ke nan. Kusan taurinsu ɗaya, launi ne ya bambanta.

To me ya sa mutanen da suke ninka ƙarfe? Saboda ƙarfen da suke fitarwa daga tama cike yake da datti, kabon ɗinsa kuma wani wuri ya yi yawa wani wuri babu. Ninki da duka ne ke matse dattin ya daidaita shi, kamar yadda maƙeran takobin Japan suke yi har yanzu da ƙarfensu na gargajiya. Ƙarfen masana'anta na yau tsaf yake zuwa. Duk ninkin da ka yi masa ba ka ƙara masa inganci ba, sai dai ka buɗe ƙofar da datti zai maƙale tsakanin falle biyu, wurin ya ƙi mannewa, daga baya ya tsage. Ina son zanen nan matuƙa, kuma ina girmama hannun da ya iya fitar da shi ba tare da aibu ba. Ado ne mai wuyar yi, a kira shi ado.

Na ukun ha'inci ne kawai: wuƙar ƙarfe ɗaya da aka ɗora wa zane a fata da asid ko hasken leza. Dubi gadon bayanta, idan layukan ba su ratsa can ba, ko suka tafi bayan an goge da sanfefa aka sake tsomawa ba su dawo ba, an gama magana.

Ingancin wuƙa kuwa a wajen sarrafa zafi yake, matakin da bidiyo ke wucewa da gudu. Ƙarfen 1084 ana kai shi wajen digiri 815. Maganaɗisu yana daina kama shi a kusan 770, shi ya sa masu ƙira a gida suke gwadawa da shi su ɗan ƙara wuta kaɗan. Sai a tsoma shi a mai nan take. Idan ya yi, magagari zai riƙa zamewa a bakinsa ba ya cizo. A lokacin ya yi tauri har yana iya karyewa in ya faɗi, don haka a mayar da shi cikin zafi na kusan digiri 200, awa biyu, sau biyu. Wuƙar ƙarfe ɗaya da ta sami wannan, aka kuma siranta bakinta yadda ya kamata, za ta fi mai falle 500 da aka yi wa gaggawa. Shi ya sa nake ganin sabon shiga ya fara da 1084 zalla, ya iya wuta, ya iya gugar hannu da sanfefa daga mai kaushi zuwa lamba 400 ko 600, ya iya sa ƙota ba tare da rata ba. Wannan gugar ma ita ce sharaɗin kyan Damaskus, domin sinadarin ba ya ɓoye ƙarzuwa, fito da ita yake yi.

Idan mai sayarwa ya ce maka Damaskus ce, tambaye shi sunan ƙarafan da aka haɗa da kuma taurinta a ma'aunin Rockwell, wanda ga irin wannan haɗi yakan kasance tsakanin 58 zuwa 62. Idan kuma ya ce ba ta tsatsa, ka sani 1084 da 15N20 dukansu suna tsatsa, sai an riƙa share wuƙar a bushe ana shafa mata mai bayan aiki.