Mayar da Tsohon Juji Wurin Shaƙatawa na Jama'a

Mayar da tsohon juji wurin shaƙatawa dabara ce ta tsara birane, inda ake rufe filin da aka daɗe ana jibge shara a cikinsa, a lulluɓe shi da ƙasa, a shuka ciyawa da itatuwa, sannan a buɗe wa jama'a. Yawancin manyan juji an kafa su ne a bayan gari, amma gari ya yi ta faɗaɗa har ya cim musu ya kewaye su, ga fili ya yi tsada. Gina bene a kan irin wannan ƙasa abu ne mai wuya da haɗari, domin ba ta zauna ba. Filin wasa da hanyar masu tafiya a ƙafa kuwa ba su da nauyi, shi ya sa hukumomi suka fi karkata gare su.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawa

Rufe juji ba ya tsayar da ruɓewar shara. Tana ci gaba da ruɓa a wurin da iska ba ta shiga, tana fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne, sauran kuma yawanci kabon dayoksaid. Metan na fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin da ya taru, kuma yana iya bin ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla nesa da jujin. A 1986 gas daga wani juji ya tarwatsa gida a ƙauyen Loscoe na Ingila. A wannan shekarar kuma, a dandalin kiɗa na Shoreline da aka gina kan tsohon juji a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani ɗan kallo ya kunna laita a kan ciyawa, gas ya kama da wuta. Saboda haka ake haƙa rijiyoyi cikin tulin sharar, a haɗa su da bututu, a zuƙe gas ɗin, ko dai a ƙone shi ko a tace shi a yi makamashi da shi.

Matsala ta biyu ruwa ce. Ruwan sama idan ya ratsa shara yakan fito baƙi mai wari, ɗauke da guba, kuma idan ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa, an yi ɓarnar da gyaranta ke da wuya. Aikin murfin juji shi ne hana ruwan shiga tun daga sama. Ana yin murfin hawa-hawa: a fara da shimfiɗar da ke tattara gas, a ɗora yumɓu da aka danne ko wata leda mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, a bi da tsakuwa ko yashi domin ruwa ya gangare gefe, sannan ƙasa mai kyau ta shuka a sama. Kaurin wannan ƙasa ta ƙarshe shi ke nuna irin abin da za a shuka. Ana yawan fifita ciyawa da ƙananan tsirrai, saboda itace mai doguwar saiwa na buƙatar ƙasa mai zurfi, kuma iska kan yi ƙarfi a saman tudu.

Ita ma ƙasar tana lotsawa sannu a hankali, wani gefe fiye da wani, har kwalta ta tsage, bututu ya karye, ruwa ya kwanta a inda ba a so. A Amurka doka ta wajabta a ci gaba da lura da juji na tsawon shekara 30 bayan rufewa. Nan ne ainihin nauyin aikin yake, kuma shi ne ɓangaren da mai yawo a kan tudun ba ya gani.

Wuraren da aka yi

Daga cikin na farko-farko akwai Mount Trashmore a birnin Virginia Beach na Amurka, wanda aka buɗe a 1974. Tudu ne na shara da ƙasa mai tsayin kusan mita 18.

A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, an zuba shara a tsibirin Nanjido daga 1978 zuwa 1993, har ta zama tsaunuka biyu, kowane ya haura mita 90. An rufe su aka gyara, aka buɗe wurin a 2002 da sunan World Cup Park, daidai lokacin gasar cin kofin duniya. Gas ɗin da ake zuƙowa ana amfani da shi wajen ɗumama gine-ginen da ke kusa.

Mafi shahara shi ne Freshkills a tsibirin Staten na birnin New York. An buɗe jujin a 1948, ya zama mafi girma a duniya a zamaninsa, aka rufe shi a 2001, sannan aka sake buɗe wani sashe domin tantance ɓaraguzan harin 11 ga Satumba. Girmansa ya kai hekta 890, kusan ninki uku na Central Park, shahararren lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birnin. Kamfanin James Corner, masanin tsara filaye da lambuna, ne ya ci gasar zana tsarinsa, kuma kashi-kashi ake buɗe shi, aikin da aka tsara zai ɗauki shekaru kusan 30. Tsuntsayen filayen ciyawa da suka yi ƙaranci a yankin sun dawo suna sheƙa a kan tuddan.

Lambun Al-Azhar na Alƙahira kuwa labarinsa daban ne. Tudun Darrasa tarin ɓaraguzai ne da shara na kusan shekara 500, waɗanda tuni suka gama ruɓa, don haka gishirin da ke cikin ƙasar ya fi damun injiniyoyi. Gidauniyar Aga Khan ce ta ɗauki nauyin aikin, aka buɗe lambun mai hekta 30 a 2005. Da ana kwashe tulin, sai ga ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ta ƙarni na 12 ta bayyana, wadda shara ta binne. An gyara ganuwar, aikin kuma ya shiga unguwar Darb al-Ahmar da ke maƙwabtaka, inda aka gyara gidaje da masallatai, aka koya wa matasa sana'ar sassaƙar dutse da kafinta.