Me ya sa ake haɗa gilashi biyu don kawar da gezar launi a hoto?

Mece ce matsalar?

Ka ɗauki tabaran hangen nesa mai araha ka dubi reshen bishiya da rana tsaka. Za ka ga gefen reshen da wata geza, nan shuɗi, can ja. Gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai wa daida: shuɗin haske ya fi ja lanƙwasuwa, sai ya taru kusa da gilashin, ja kuma can gaba.

Gilashi na biyu fa, me yake yi?

Na farko mai tudu a tsakiya ne, ana yin sa da gilashin kiraun, wanda ba ya warwatsa launi sosai. Na biyu mai kwarmi ne, na filint, wanda a da ake zuba wa darma, yana kuma warwatsa launi ƙwarai. Mai kwarmin yana janye rabuwar launin da na farko ya jawo, amma ba ya cinye ƙarfinsa na tara haske duka.

Yaya ake lissafin?

Nan ne abin yake burge ni. Kowane gilashi yana da lambar Abbe, wadda ke nuna yadda yake warwatsa launi. Idan ta yi girma, warwatsawar kaɗan ce. Kiraun irin BK7 yana da kusan 64, filint irin F2 kusan 36. Sharaɗin shi ne, ƙarfin kowanne idan aka raba shi da lambarsa, su biyun su kashe juna. A ce kana son ƙarfin diyofta 10 (diyofta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi), wato haske ya taru a milimita 100. Sai na farko ya zama +22.9, na biyu kuma −12.9. Raba kowanne da lambarsa ka gani: na farko yana ba da kusan +0.36, na biyu kusan −0.36.

Wa ya fara?

Masanin kimiyya Isaac Newton ya ɗauka kawar da gezar ta hanyar gilashi ba zai yiwu ba, shi ya sa ya koma ga madubi wajen ƙera na'urar hangen nesa. Wani lauya a Ingila, Chester Moore Hall, ya ƙaryata hakan wajen 1733, amma John Dollond, mai ƙera tabarau, shi ne ya samu takardar mallakar fasahar a 1758.

To, gezar ta tafi gaba ɗaya?

A'a. Shuɗi da ja kawai aka haɗa wuri ɗaya. Kore yana kaucewa da kusan kashi ɗaya cikin 2,000 na tazarar taruwar hasken. Mai son kawar da wannan saura sai ya ƙara gilashi na uku, ko ya nemi na musamman mai tsada.