Awon EEG na asibitoci daban ba ya haɗuwa haka kawai

Mutum zai iya zaton tunda na'urar EEG lantarkin ƙwaƙwalwa take aunawa, awon Berlin a Jamus da na Boston a Amurka ɗaya ne, sai a tara su a nemo alamun ciwon mantuwa. Ba haka ba ne.

Alamar da ake nema siririya ce. A cutar Alzheimer, wadda nau'in ciwon mantuwa ce, bugun lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa, mai hertz 8 zuwa 13 (wato bugu 8 zuwa 13 a daƙiƙa), yana rage sauri, bugun theta mai jinkiri ya ƙaru. Matsalar ita ce gyangyaɗi ma yana kawo irin wannan sauyin. In wata cibiya tana farkar da majinyaci, wata ta ƙyale shi, bambancin zai yi kama da cuta.

Na'urori ma sun bambanta. Wata tana da wayoyi 19 da ake maƙalawa a fatar kai bisa tsarin jera su da ake kira 10-20, wata 128. Wayar da ake gwada sauran da ita kan zauna a kunne ko tsakiyar kai. Wutar lantarkin Turai hertz 50 ce, ta Amurka 60, kowacce da hayaniyar da take sa wa awon.

Gyaran shi ne a zaɓi wuraren wayoyi iri ɗaya, a mai da awon kan matsakaicin dukkan wayoyi, a daidaita saurin ɗaukar awon da tace hayaniya, sannan a yi amfani da dabarar lissafi ta ComBat a cire tasirin cibiya. Nan ake yawan kuskure: in majinyata duk daga cibiya ɗaya suke, masu lafiya daga wata, lissafin zai share alamar cutar tare da ta cibiyar. Dole kowace cibiya ta kawo rukunin biyu, a kuma lura da shekaru da magunguna.